Asabar, ranar tantance fayafayai

Ƙunshin da na yi oda daga Japan ya iso da hantsi, don haka yau ba fita. Kafin a saurari komai, zoben tsakiyar faifan CD ake fara dubawa, a juya shi ta gefen da ke sheƙi a ƙarƙashin fitila. A nan masana'anta ke buga lambarta. Tun 1994 aka fara sa tambarin IFPI (ƙungiyar kamfanonin fayafayan waƙa ta duniya) iri biyu: ɗaya a zoben mai sheƙi, yana farawa da harafin L, ɗayan kuma an danna shi a jikin robar kusa da ramin tsakiya. Saboda haka idan bango ya ce 1992 amma ga IFPI a zobe, bugu ne na baya, komai rantsuwar mai sayarwa. Ana kwatanta lambar da abin da ke Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan fayafayai, harafi bayan harafi.

Bugun Japan yana zuwa da siririyar takarda da ke naɗe a gefen kwalin, obi. Rashinta yana karya farashi sosai, shi ya sa ba a barin ta a waje. A cikin ɗan littafin faifan nake ajiye ta, a shimfiɗe. Fayafayan da ake bugawa a Japan sun fi na shigowa tsada a can, don haka kamfanoni ke ƙara musu waƙa ɗaya ko biyu da babu a wani bugun. Wannan ƙarin muke bi. Akwai kuma ƙananan singul (faifai mai babbar waƙa guda da 'yan rakiyarta) masu faɗin santimita 8. Kada a kuskura a tura su cikin na'urar da ke zuƙe faifai ta tsaga, irin ta mota, don maƙalewa suke yi. Sai mai tire da ke da gurbin ƙarami.

Bayan azahar na koma kan na Ingila. A shekarun 1990 sukan raba singul guda gida biyu, CD1 da CD2: babbar waƙar ɗaya ce, 'yan rakiya ne suka bambanta, wani na ɗaukar wasan dandali, wani rimiks, wato waƙar da aka sake haɗa sautinta. Wanda ya sayi guda, rabi ya samu. Haka kundin rimiks Further Down the Spiral na ƙungiyar mawaƙa Nine Inch Nails, na 1995: bugun Amurka waƙa 11, na Ingila 10, kuma akwai rimiks a kowanne da babu a ɗayan. A ganina rabin rimiks na wancan zamani cike gurbi ne kawai, amma wannan ya cancanci a mallaki duka biyun.

Tsofaffin na Ingila suna da ciwonsu. Waɗanda wata masana'anta a Blackburn ta buga tsakanin 1988 da 1993 sukan rine su koma launin tagulla, daga baki zuwa ciki, saboda fentin kariyar bai jure sinadarin farar wuta da ke cikin takardar bango ba. CD daga tsakiya yake karantawa zuwa baki, shi ya sa waƙoƙin ƙarshe ke fara ƙarzaƙarza. Ba shi da magani. A kwafe shi a kwamfuta tun yana karantuwa.

Da la'asar sai fayafayan garmaho masu inci 12. Singul mai gudun zagaye 45 a minti layukansa sun fi faɗi, ganga da jita mai kauri sun fi fita. Masu hoto a jiki kuwa na ado ne, shuu ɗinsu ya yi yawa. Na cire su daga jakar roba mai kauri da suke zuwa ciki, domin a zafinmu na bazara robar tana fitar da wani sinadari da ke bar wa faifan hazo, kuma ba ya wankuwa. A tsaye ake jera su, nesa da bangon da rana ke duka, in ba haka ba su lanƙwashe. Kafin magariba na tura wa mai sayarwa na gaba saƙo: ya zare faifan daga bangonsa kafin ya ƙunshe, don kada girgizar hanya ta sa bakinsa ya tsaga kwalin.