Mutumin da ke fitar da dawakai daga baƙar takarda

Jiya da daddare ina ta latse-latse a waya na ci karo da aikin wani ɗan Mongoliya, Turburam Sandagdorj, wallahi sai da na tashi zaune. Da farko na ɗauka zanen tawada ne, ashe baƙar takarda ce ya bi ta da almakashi ya ɗora kan fara, ba fenti ba buroshi, shi ke nan.

Mutumin Ulanbato ne, babban birninsu, daga baya ya koma Amurka da zama, amma fa hannunsa bai bar gida ba. Abin da yake yankawa rayuwar makiyayansu ce, zagayayyen tantin nan da suke kira ger, raƙuma masu tozo biyu, mahara da baka da kibiya, sai dawakai, dawakai kam ba a magana, dama ƙasa ce da dawakanta sun fi mutanenta yawa. Har labaran zamanin Cangis Han, shahararren sarkinsu da ya rasu a 1227, ya fitar da su da almakashin nan.

Dokin shi ne ya tsayar da ni. Babu launi, babu hasken ido, inuwa ce kawai, amma kana gani ka san sukuwa yake ba tafiya ba, geza ta kwanta baya, wutsiya ta miƙe, mahayin ya duƙa kan wuya ya saki linzami. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya san wannan duƙawar. Kuma silin gezar nan kowanne yankarsa aka yi, siriri kamar zare, kuma dole ya zauna manne da jikin takardar, in ya tsinke ya tafi kenan, mai fensir yana da abin gogewa shi kuwa mai almakashi ba shi da shi.

Turawa suna kiran irin hoton nan siluwet, sunan wani ministan kuɗin Faransa ne na 1759, ni dai inuwa nake ce masa.

Da safe na ari almakashin ɗinkin Umma na samo baƙin kwali na gwada. Wuya ya fito, baya ya fito, ina zuwa ƙafar gaba hannuna ya ɗan karkace ta guntule. Na daɗe riƙe da guntun ƙafar ina sake kallon nasa, inda ƙafafu huɗu duk suna sama kuma har ƙurar da suka tayar ya yanka.