Abin da na koya wajen rubuta tarihin wani minista

Sana'ata ɗaukar murya da buga rubutu. Ita ta haɗa ni da wata Hajiya a Unguwar Sarki, Kaduna, matar ɗaya daga cikin ministocin tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta ƙudurta rubuta tarihin maigidanta tun jikoki suna da mai ba su labari.

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekara da lamba. In na ce, "Hajiya, yaushe kuka tare a Kaduna?" sai ta ce, "Ɗan nan, ina da goyon fari Sarauniyar Ingila ta zo aka yi hawan daba." To, 1956 ke nan. In ta ce "bayan canjin kuɗi", na san mun wuce 1973, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Dole na buɗe littafi na daban don irin waɗannan alamomi, sannan in je Gidan Arewa, ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, in gwada su da takardu da tsofaffin jaridu. Da wuya lissafinta ya kauce.

Sai dai takarda minista kawai ta sani: naɗinsa, jawabinsa a majalisa a Lugard Hall, rangadinsa. Ba ta san tukwanen tuwon da ake ɗorawa kullum saboda mutanen garinsu masu zuwa neman aiki ko ganin likita ba. Ba ta san asubahin 15 ga Janairu 1966 ba, ranar juyin mulkin soja na farko, cikin azumi, da Hajiya ta ɗinke 'yan kunnenta na zinariya a cikin matashin kai, ta tura yara ƙauye a bayan motar itace. Irin wannan ba ya fitowa in ka ajiye mata rikoda a gaba kamar ɗan jarida. Sai tana tsinke zogale, hira ta yi daɗi.

Kunya ma aiki ce. Har muka gama ba ta ambaci sunansa ba, sai "Marigayi". Abokiyar zamanta kuwa tsallake ta take yi kamar ba a yi ta ba. A ganina wannan giɓi ne babba, don 'ya'yan ɗakin can ma za su karanta. Na faɗa mata cikin ladabi, ta yi shiru har na zaci na ɓata. Da ta gama lazimin la'asar sai ta ce in shirya, direba zai kai ni Zariya in ji nata bakin.