Bashin da Na Jinkirta wa Mai Kantin Littattafan Unguwarmu

A unguwarmu da ke cikin birnin Kano akwai wani ɗan kantin littattafai kusa da masallaci, shago ɗaya tak mai kantoci uku da benci a bakin ƙofa. Na fara shiga cikinsa tun ina firamare, ana aike na sayen fensir da littafin rubutu, kuma ban daina zuwa ba har na gama jami'a. Yau caja da murfin waya ake sayarwa a wurin. Ina rubuta wannan ne gare ku ƙannena da har yanzu kuke da irin wannan kanti a kusa da gidajenku, domin akwai hannuna a cikin abin da ya rufe namu, kuma ban gane haka ba sai da lokaci ya ƙure.

Mai kantin dattijo ne, kowa Malam yake ce masa. Yakan saro littattafan addini daga Kasuwar Kurmi, wadda tarihinta ya faro tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, na boko kuma ya ɗauko su daga Sabon Gari. A hannun dama akwai Alƙur'ani da Ahalari da Ishmawi da Risala da ƙananan waƙoƙin ajami, a hagu littattafan makaranta da na Hausa da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya yake bugawa tun kafuwarsa a 1966, a ƙasa kuma littattafan hikaya na saye da na haya. Almajiri da ɗan boko da matar aure da limamin unguwa, kowa yana da abin da yake kawo shi wannan ƙofa.

Kuskurena na farko shi ne na riƙa cin iliminsa kyauta ina kai kuɗina wani wuri. Lokacin da nake sakandare, idan aka ba mu jerin littattafai, sai in je wurin Malam ya duba ya ce wannan bugun ya tsufa, wancan shi ne ya dace da manhajar jarrabawa, wannan kuma ba sai na saya ba domin yayana yana da irinsa a gida. Sai in yi godiya in fita, in tafi bakin titi in sayi na jabu da rabin kuɗi, ko in ari na aboki in kai a yi mini fotokwafi. A lokacin ina ganin dabara nake yi. Abin da ban sani ba shi ne yadda irin wannan kanti yake rayuwa. Ribar da ke kan littafi ɗaya kaɗan ce ƙwarai, kuma cinikin makonnin farko na komawa makaranta shi ne yake ɗaukar kuɗin haya da abincin gida na watanni masu yawa. Da wannan ciniki ne mai kanti yake iya haƙurin ajiye littafin tarihi ko na waƙa shekara biyu a kan kanta har mai nemansa ya zo. Duk ɗalibin da ya janye kuɗin littattafan makarantarsa, ginshiƙin da ke riƙe da sauran littattafan ya janye. Ban da haka ma, na jabun da nake saya tawadarsa takan dishe, shafuka sukan ɓace a tsakiya, kuma ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya rubuta shi.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo. Malam yana da wani tsohon littafin bashi mai baƙin bango, wanda sunayen magidantan unguwa suka cika shi. Idan albashi ya yi jinkiri ko kasuwa ta tsaya, yaro ba ya rasa littafi a ranar komawa makaranta, domin za a ba shi a rubuta, uban ya biya a hankali. Babu babban kantin da zai yi wa mutum haka, tunda shi bai san mahaifinka ba, bai kuma yi sahu ɗaya da shi a masallaci ba. A shekarata ta ƙarshe a jami'a na karɓi babban ƙamus da littattafai biyu bashi da sunana. Na tafi bautar ƙasa, na samu aiki, kuɗin ya zo hannuna sau da yawa, amma kullum sai in ce wata mai zuwa. Shi kuwa bai taɓa aiko mini ba, ko a hanya muka haɗu sai dai ya tambayi aiki da iyali. Na san hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, na kuma karanta shi a littafin da na saya a wannan kanti. Da labarin rasuwarsa ya same ni, na je na biya magadansa. Babban ɗansa ya buɗe littafin ya nemo sunana, sai na ga shafuka da yawa na mutane irina waɗanda ba a soke ba, kuma darajar naira ta riga ta faɗi ta yadda abin da na biya ba zai sayi rabin ƙamus ɗin ba a ranar.

Akwai kuma raini da na yi wa kantar ƙasa. Da na fara jin kaina ɗan jami'a, sai na riƙa kallon littattafan hikaya na haya a matsayin shirme. Daga baya na fahimci tarihinsu. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta, sai marubutan Hausa, mata da yawa a cikinsu, suka riƙa buga ayyukansu da kuɗinsu suna rarraba su kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Ƙananan kantuna irin na Malam ne suka kai waɗannan littattafai cikin gidaje. Matan aure sukan aiko yara su karɓo haya su mayar bayan kwana biyu, kuma yayata, wadda aka cire daga makaranta a aji shida, da su ta riƙe karatunta har ta kai tana duba wa 'ya'yanta aikin gida. Malam ya san abin da ke cikin kowanne, yakan hana yarinya ƙarama wani ya miƙa mata wani, kuma iyaye sun amince da hukuncinsa.

Abin da ba zan iya gyarawa ba shi ne tambayoyin da ban yi masa ba. Ya san wace maɗaba'a ce ta buga wace waƙar ajami, da malamin da ya rubuta ta da hannu kafin a ɗauki hotonta a buga, da wanda har yanzu yake da kwafi a gidansa. Na zauna a bencinsa shekaru ina hirar ƙwallo da abokai. Da na buƙaci wata tsohuwar waƙa don wani aiki, na nema a intanet da zaurukan WhatsApp da ake tura littattafai, ban samu ba, kuma mutumin da zai ce mini je gidan wane ya riga ya tafi.

Saboda haka idan an ba ku jerin littattafan zango, ku fara da kantin unguwa, ko da zai ɗara na bakin titi da 'yan nairori. Idan kuɗin bai kai ba ku faɗa masa gaskiya, ya fi kowa sanin inda za a samu na hannu mai kyau. Idan ba shi da abin da kuke nema, ku ce ya saro muku maimakon ku juya ku tafi. Wanda sunansa yake cikin littafin bashi ya je a wannan makon, ko da rabi ne ya biya. Ku tambayi dattijon abin da ya sani, ku rubuta a takarda. Ni yanzu nakan tafi da ɗana wani kanti a unguwar da muka koma duk ƙarshen wata, in ba shi kuɗin littafi ɗaya a hannunsa, in zauna a benci in bar shi ya shiga ya gaisa da mai kantin, ya faɗi da bakinsa irin labarin da yake so.