Garkar tsakar gida a Tawa: abin da sanyi ke ba mu

A Tawa wata huɗu ne kawai ƙasa ke yi wa mai garka fara'a, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Sauran shekara lallashi ne. Duk wanda ya gane wannan ya huta, wanda bai gane ba kuma ya yi ta ba takardar pompo kuɗinsa.

Garkata ba wata babba ba ce, fangali shida ne tsakanin rumfar awaki da katangar maƙwabta. Irin albasa nake fara zubawa, tun cikin Oktoba da an gama kai gero rumbu, domin sai ya yi kwana 40 zuwa 45 kafin ya isa dashe. Ba na neman wani iri sai na garin Galmi. Albasar Galmin da motoci ke lodi suna kaiwa Gana da Kodebuwa tana nan cikin jiharmu, kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, to me zai kai ni sayen iri na cikin gwangwani? Salati, shu (wato kabeji), karoti da tumatir suna biyo baya idan iskar ɗari ta fara busar da leɓe. Salati shi ne mai saurin biyan bashi, wata ɗaya bayan dashe ana tsinka.

Taki kuwa na awakina ne, amma ba ɗanye ba. Ina tara shi a rami, in yayyafa masa ruwa, in bar shi ya huce har warin ya tafi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, ga shi da gayyato gara. Ban-ruwa da asuba ne da bayan la'asar, kuma ruwan wankin shinkafa da na alwala duk a gindin shuka suke ƙarewa. Idan tsutsa ta faɗa wa shu, 'ya'yan dogon yaro nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da yamma. Ba ya kashe ta nan take, cin ganyen yake hana ta, don haka sai an maimaita duk mako.

Bara ƙanena ya dawo daga Abijan da wata sha'awa. Wai ya ga gidaje can da ciyawa shimfiɗe kore shar, shi ma yana son irinta a ƙofar ɗakinsa.

“Yaya, ki ba ni fangali biyu mana, ki ga yadda gidan nan zai waye.”

Na ce masa Abijan ruwan sama ya yi musu yawa har suna kuka da shi, mu nan da ƙyar na shekara ke kai milimita 400, kuma cikin wata uku yake zuba ya wuce. Bai ji ba. Na ba shi gefen katanga. Da ta fito sai ga kiri-kiri, ciyawar da masu garka a fadama ke kwana suna tonewa suna tsine mata. Ta yi kyau cikin sanyi, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Amma da Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, safe da yamma tana neman ruwa, ga shi a unguwarmu pompo kan ɗauke da rana sai tsakar dare. Ya yi ta sayen bidon ruwa wajen masu kura, ƙarshe ya sakar wa awaki. Saiwarta har yau tana bi ta ƙarƙashin ƙasa tana ɓullo mini cikin karoti.

Abin da ke tsayawa cikin bazara zogale ne. Tumatir da zafi ya tsananta sai ya zubar da fure, salati ya yi tozo ya yi ɗaci, albasa an riga an cire ta cikin Maris. Zogale kuwa bokiti ɗaya bayan kwana biyu ya ishe shi. Sirrinsa sara: kada a bar shi ya wuce ƙugun mutum, a datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba ya miƙe sama ya bar ki da ɗaga wuya. Da damina ta sauka ba na wahalar da kaina, kuɓewa da yakuwa nake watsawa, lalo da tafasa kuma su fito da kansu.

Albasa ba a jefar da komai nata. Ganyen nake yankawa in daka in dunƙula in shanya, ya zama gabu, ɗan kaɗan a miyar kuka ya tada maƙwabta. Tumatirin da ya yi yawa a Fabrairu, lokacin da ya faɗi a kasuwa ba mai kallonsa, in tsaga shi in baza kan tabarma ya zama kauɗa, ranar tsadarsa na nan tafe.

Jiya dambu na yi. Na tsinko zogale da hantsi, na zage shi daga kara, na tafasa na zubar da ruwan farko saboda ɗaci, na matse. Tsakin gero na turara shi kaɗai tukuna, sannan na juye a ƙwarya na cuɗa da ganyen na mayar madambaci karo na biyu. Nan mutane da yawa ke yin gaggawa, dambu ya fito da gari-gari. Da ya nuna na zuba man gujiya da aka soya da albasa, na barbaɗa ƙuli-ƙuli da tanka, na yanka ɗanyar albasa da tumatir biyu a kai. Yara suna son ƙulin ya fi ganyen yawa, ni kuma ina hana su, don buhun gujiya bana ba ya taɓuwa.

Mako mai zuwa zan dasa shu zagaye na biyu, idan kajin maƙwabciyata sun bar mini irin.