Ledar da ke ɗumama gilashi ba ta tare gani

Duk mai injin ƙyanƙyasar ƙwai a Kano ya san yadda tagar gilashin ke yin raɓa da asubar hunturu: ciki digiri 37.5 ga danshi, waje kuma sanyi. Sai an buɗe ake ganin ƙwan, buɗewar kuwa asarar zafi ce. Maganin abin shi ne a ɗumama gilashin kansa da siririn shafi mai ɗaukar lantarki wanda ido ke ratsawa.

An daɗe ana amfani da ITO, haɗin ƙarafan indiyom da kuza da oksijin, sai dai da an lanƙwasa shi yake tsagewa. Girafin kuwa, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro a Jami'ar Mancesta a 2004, kabon ne mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Kashi 2.3 cikin 100 na haske kawai yake shanyewa, kuma yana lanƙwasuwa. Ana tsirar da shi a kan fallen jan ƙarfe da iskar gas ta mitan a zafin kusan digiri 1,000, a narkar da jan ƙarfen da sinadari, a ɗora girafin a kan ledar PET, irin ta gorar ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin wuta. A ce fallen girafin mai santimita 10 tsawo da faɗi yana da turjiyar om 500 (turjiya ita ce yadda abu ke tare wucewar lantarki, om kuma ma'auninta). Batirin sola mai bolt 12 zai ba shi wat 0.29 kacal, wato 12 sau 12 a raba da 500, ko a tafin hannu da ƙyar a ji. Ƙara falle-falle yana rage turjiya, amma kowane falle da hasken da yake ci. Dabarar da na fi so ita ce a matso da layukan azurfa biyun da ke kai wuta gefe da gefe. Falle mai faɗin santimita 20 da tazarar 5 tsakanin layukan turjiyarsa om 125 ce, wat 1.15, ninki huɗu ke nan ba tare da an ƙara girma ba.

Don Allah a kula da layukan nan. In azurfar ba ta kwanta daidai ba, ko ƙurar hunturu ta karce fallen wajen gogewa, wutar takan taru a gefen karcen, wurin ya fi ko'ina zafi. Ledar PET kuwa tana fara laushi wajen digiri 70, sai ta yamutse, girafin ya tsinke. A auna turjiya da mitar auna lantarki kafin a jona batiri, sannan a rufe fallen da wata ledar.