Rarar mai a sabulun gida: yadda na koyi lissafinta

Sabulun da na fara yi, da gwangwanin madara na auna shi: biyu na mai, ɗaya na ruwan soda, kamar yadda aka koya mana a unguwa. Ya yi tauri, ya yi kumfa. Bayan kwana uku Inna ta miƙo min hannunta, bayan hannun ya yi furu-furu, gaɓoɓin yatsu sun tsattsage. Ta ce, "Ke, sabulun nan naki yana da ci." Abin ya tsaya min a rai, don ni na ce ta ajiye na kasuwa ta gwada nawa.

Daga baya na gane cewa kowane mai yana da adadin sodar da ke cinye shi ya koma sabulu. In soda ta yi yawa, wadda ta rage fatar mutum za ta ci. Shi ya sa ake rage ta da gangan, domin wani ɓangare na man ya saura bai zama sabulu ba. Wannan ita ce rarar mai.

Na ajiye gwangwani na sayi ƙaramin sikeli mai auna giram. Haɗina kilo ɗaya ne: man ja giram 500, man kwakwa 300, man kaɗanya 200. Giram ɗaya na man ja yana cin kusan giram 0.142 na soda, na kwakwa 0.183, na kaɗanya 0.128. Da na ninka na haɗa, sai ya ba ni giram 151.5. Da wannan za a cinye man ƙarƙaf. Don in bar rarar kashi 5 cikin ɗari, na sauke sodar zuwa giram 144. Na daɗe ina kallon takardar. Giram bakwai da rabi kacal, abin da gwangwani ba zai taɓa nuna min ba!

Tsoron abin da ya sami Inna ya sa na wuce gona da iri a karo na gaba, na kai rarar kashi 15. Sabulun ya ƙi bushewa, in ka danna da yatsa sai ya lotsa, kumfar ma kaɗan. Da zafi ya shigo sai ga ɗigo-ɗigon ruwan goro a jikinsa, yana warin tsohon mai. Na zubar da shi duka.

Akwai kuma abin da na ɗauka gaskiya ne: wai in ka riƙe man kaɗanya sai haɗin ya fara kauri ka zuba, shi zai saura a matsayin rara. Ashe ba haka ba ne. A sabulun da ba a dafa ba, soda tana kan aikinta har bayan an juye a mazubi, kuma ba ta zaɓe. Sai in dafa shi aka yi, aka zuba man bayan ya nuna.

Damina ma ta koya min nata. Soda tana shan laima. In aka bar ta a buɗe sai ta dunƙule, nauyinta ya ƙaru, ƙarfinta ya ragu, rarar ta haura abin da ka lissafa. Yanzu a roba mai murfi nake rufe ta. Kuma soda nake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, da safar hannu, nesa da tukunyar dalma.

Sabulun wanki ina barin rararsa a kashi 1, don rarar mai ba ta da amfani a jikin tufa. Na wanka kashi 5. In hunturu ya kusa nakan kai shi 8, wato soda giram 139, in bar shi mako shida a kan katako yana shan iska. Shi Inna take wanka da shi yanzu, ta ce in ware mata guda huɗu kafin sanyi ya kankama.