Wagashi a cikin tsohuwar kalanda

Yau da yamma na tsaya a kasuwar Nima da ke Accra sayen soyayyen wagashi, wato cukun nonon shanu, sai Inna mai sayarwa ta naɗe min shi a shafin tsohuwar kalanda, watan Oktoba. Don neman magana na ce, "Inna, kin san sunan watan nan daga kalmar takwas ta Rumawa ya fito, amma ga shi na goma?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, wannan ne ya dame ka? Nono fari tas, da tumfafiyar da muke hana yara taɓawa ake daskarar da shi. Ka jefa wagashi a tafasasshen mai ba ya narkewa, amma man shanu, ɗan'uwansa uwa ɗaya, rana kawai zai gani ya zama ruwa." Mai kayan miya na gefe ya sa baki, wai shi Fabrairu ce ke ci masa tuwo a ƙwarya: kwana 28, amma mai gida kuɗin wata cif yake lissafa masa.

Ni kaɗai nake ta dariya a cikin trotro, motar hayarmu. Maiƙo ya cinye rabin ranakun Oktoban nan, kuma sai yanzu na tuna ban karɓi canjina ba.